Tafintar Masu Binciken Barci

Ku ɗaliban yanzu kuna ba ni dariya. Sai yarinya ta shigo ɗan shagon da nake zama a Samaru, waya a hannu, ta ce, "Anti Asabe, ai aikin nan naku ya zama tarihi. Ina danna Turanci, Hausa na fitowa." Nakan ce mata madalla, Allah Ya ƙara wa wayar basira. Sannan in ce ta ɗauki abin da wayar ta ba ta, ta hau mota zuwa ƙauyen Zabi, ta faɗa wa wata tsohuwa a tsakar gidanta, gaban surukanta. In ta dawo da ɗankwalinta a kanta, na yarda, zan ajiye aikin.

Ni tafinta ce, amma ba irin ta kotu ba. Malaman jami'a masu nazarin halayyar ɗan Adam nake bi, musamman masu binciken barci da mantuwa: yadda mutum yake kwana, da yadda yake riƙe abu a ka ko ya ɓace masa. Tambayoyinsu da Turanci suke, waɗanda za a tambaya kuwa Hausa suke ji. Ni ce a tsakiya. In na karkace, binciken mutum na shekaru ya karkace, shi bai ma sani ba.

Da buga takardu na fara, a wani shago kusa da ƙofar jami'a. Wata rana wani dattijo, Malam Bitrus, ya kawo tambayoyi a buga masa. Tsohon ma'aikacin jinya ne, haifaffen wani ƙauye ta wajen Zabi, wanda ya koma yi wa masu bincike tafinta bayan ya yi ritaya. Ina cikin bugawa na ci karo da wata 'yar gajeriyar kalma, "nap". Na ce, "Malam, wannan fa? Ko an manta da sauran haruffan ne?"

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Shekara nawa ana buga mini takardu a layin nan, ba wanda ya taɓa tambayata ma'anar komai. Kina son aikin yawo?"

Watannin farko bai bar ni na buɗe baki ba. Jaka nake ɗauka. A cikinta akwai rikoda mai kaset, da batura, da wani kamus da bangonsa ya rabu da shi tun kafin in san Malam, da goro na gaisuwa, da tabarma ƙarama don kada mu sa masu gida neman kujera. Batura su ne ran aikin. Kaset in batir ya yi sanyi, muryar tsoho takan ja kamar ana kiran shanu daga nesa, ki zauna kina juya shi da biro kina addu'a. Ku da kuke da waya mai ɗaukar magana ta wuni guda, ku gode wa Allah, ku kuma daina barin ta ba caji.

Da yamma sai a zauna a barandarsa a yi gwaji. Shi zai zama tsohon da ake tambaya, ni mai tambaya. Wata rana manomi ne mai nauyin kunne, wata rana gwauruwa mai zargin an zo ƙidayar haraji. Har murya yake canzawa. Ran da muka zo kan kalmar "memory", na buɗe kamus na ga ƙwaƙwalwa, na gyara zama na ce, "Baba, kana da matsalar ƙwaƙwalwa?"

Malam Bitrus ya miƙe da jarida a naɗe. "Ni? Ni za ki shigo gidana ki ce wa mahaukaci? Talatu, kawo mini sandata!"

Matarsa Mama Talatu tana daga kicin ta ce, "Ai ba ƙarya ta yi ba."

Da ya gama dariya ya zauna ya ce, "Kamus ba ya zuwa gidan mutane, ke ce mai zuwa. Ce masa, Baba, yakan faru ka ajiye abu ka zo nema ka rasa inda ka sa shi? Za ki ga ya ba ki labari har sai kaset ya ƙare."

Ita kuwa "nap" ɗin da ta jawo ni cikin sana'ar, ɗan barcin rana ce. Amma je ki tambayi matar aure a ƙauye ko tana barcin rana. Cewa za ta yi, "Ni? Wa zai yi mini surfe?" Kin kira ta raguwa ke nan. Sai ki ce, "Bayan azahar kina ɗan kishingiɗa, ido ya ɗan rufe?" Nan za ta ce, "To, wannan kam, in yara sun fita." In malami ne mai almajirai da littattafai, ki ce ƙailula, zai ma kawo miki falalarta. Abu ɗaya ne a takardar mai bincike, baki uku ne a gari.

Kada ku ɗauka Hausa ce kullum mai yalwa, Turanci mai ƙunci. Akwai inda ni aka zaunar aka koya wa. Wadda na fi daɗewa ina yi wa aiki ita ce Dakta Folake, Bayarabiya, malama a jami'a. Ba likitar asibiti ba ce, dakta ce ta karatu. Tana jin Hausar cefane, kuma kowa "kai" ne a wurinta, har kakata. A tambayoyinta akwai "recall" akwai "recognition", ni kuma na fassara duka biyun da tunawa. Ta ce a'a, ba ɗaya ba ne. Na ce a Hausa ɗaya ne. Ba ta yi musu ba. Ta ce in lissafa mata matan da muka gaisa da su a gidan da muka fito. Na kawo biyu, na tsaya ina kallon sama. Sai ta fara kiran sunaye, na gaskiya da na ƙarya a gauraye. Tana faɗin Lami na ce tana ciki. Ta ce Hanne, na ce babu. Ban kuskure ko ɗaya ba.

Ta ce, "Ka gani? Na farko kai ka nemo da kanka. Na biyu an kawo maka, ka gane."

Tun ranar nake cewa tunowa da ka, da kuma ganewa in an ji. Ta ce bambancin nan ba na ado ba ne. Wanda abu ya shiga kansa amma ya kasa lalubo shi daban yake da wanda abin bai zauna ba sam.

Wani aiki da ba na mantawa a wani ƙauye ne bayan Shika. Muna tambayar wata dattijuwa, Iya Kande, yadda take kwana. Ta kori jikokinta, ta rage murya, ta ce dannau ne yake damun ta. Takan farka, tana jin komai, amma ko yatsa ba ta iya ɗagawa, ga nauyi a ƙirji kamar an ɗora mata buhun masara. Ban san Turancinsa ba a lokacin, sai na kwatanta wa Dakta yadda ta faɗa, ban rage ba. Dakta ta kusa tashi tsaye don murna. Ta ce sunansa "sleep paralysis", an yi rubutu a kansa da yawa: jiki ne bai gama farkawa ba alhali hankali ya riga ya farka. Ta ce a garinsu ma ana yi, kuma Turawa ma yana samun su.

Na mayar wa Iya Kande. Ta riƙe haɓa. "Har Turawa yake dannewa?"

Na ce har su.

Ta ce, "Ikon Allah. Ni da na ɗauka kishin gonata ake yi." Ta kira jikokin ta ce su dawo, ba wani abin ɓoyo ba ne, ciwon Turawa ne da ita.

Sai shekarar da ba ta yi daɗi ba ta zo. Malaman jami'a suka shiga yajin aiki mai tsawo, aka rufe makaranta wata da watanni. Samaru ta zama kamar an share ta da tsintsiya. Masu abinci, masu buga takardu, masu acaɓa, kowa ya yi jugum. Bincike ya tsaya cak. Malam Bitrus ya koma gona, daga nan ma bai dawo aikin ba, ƙafa ta hana. Ni kuwa na sayi kula mai riƙe sanyi, na fara kai zoɓo da kunun aya kasuwar Sabon Gari. Wanda ya ba ni inuwa a gefen rumfarsa shi ne Baba Tanimu, mai gyaran keken ɗinki. Ƙaton mutum ne mai wuya kamar turmi, ga raha. Teloli daga Chikaji har cikin birni suna kawo masa kekuna. Kafin ya kwance keke yakan sa a taka shi, ya karkata kai ya saurara, sannan ya ɗauki sukudireba. Wani lokaci in Inyamuran da ke sayar da kayan keke suka rikice da mutanen ƙauye, sai ya ƙwala mini kira, "Asabe, ajiye zoɓon nan ki zo ki yi aikin gwamnati!" Ɗan kasuwa na cewa "Madam, wetin e talk?", mai saye na cewa "Me ya ce?", ni ina tsakiya hannu duk ja. Da haka bakina bai yi tsatsa ba har aka buɗe makaranta.

Bayan 'yan shekaru Dakta Folake ta fara wani bincike kan tsofaffin masu sana'ar hannu. Na ce ai ina da mutum. Muka je rumfar Baba Tanimu da hantsi. Na tarar ya canza. Yana magana sai kai ya yi gaba, gyangyaɗi ya ɗauke shi, sukudireba a hannu. Babban ɗansa Yusha'u, wanda ke aiki a wani kamfani a Chikaji, ya ji za mu zo, ya ɗauki izini ya zo ya tsaya. 'Yarsa Binta, tela ce, ita ma tana nan.

Yusha'u ya ja ni gefe tun kafin mu fara. Ya ce, "Anti, gara da kuka zo. Baba ya ruɗe. Kwanaki ya ba wata mata keken da ba nata ba, sai da aka kai ruwa rana. Ya bar risho a kunne ya tafi masallaci. Mutane suna cewa na bar tsohona yana wahala a kasuwa. So nake a rufe rumfar nan ya zauna a gida, amma ba ya jin maganata. In Turanci ya faɗa masa zai ji."

Aka yi gwajin. Na karanta wa Baba 'yan kalmomi: tulu, akuya, gishiri, tsani, da wasu. Ya maimaita. Muka ɗauke masa hankali da hirar kasuwa, sannan na ce ya tuno mini su. Ya ce, "Akuya." Ya lalubi ta biyu bai samu ba. Ya ce, "Akuyar dai." Yusha'u ya kalle ni, irin kallon kin gani ko. Sai na shiga kira masa kalmomi a gauraye. Tulu? Akwai. Fartanya? "Babu, kada ki yi mini wayo." Gishiri? Akwai. Tsani? Akwai. Ya tsince su tas.

Dakta ta tambayi yadda yake kwana. Baba ya ce lafiya lau, shi da ya kwanta sai asuba. Binta ta ce, "Baba, lafiya lau ina? Inna ta ce minsharinka har makwabta. Kuma sai ya yi shiru ɗif kamar numfashi ya tsaya, sannan ya zabura yana haki. Ita ba ta runtsawa don tsoro."

Baba ya ce, "Uwarki ta cika ƙari."

Dakta ta rubuta, ta ajiye biro, ta yi bayani da Turanci a hankali. Ta ce ita ba likita ba ce, kuma gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Amma abin da ta gani bai yi mata kama da "dementia" ba, wato gigin tsufa. Ya fi kama da mutumin da barcinsa yake yankewa dare duka bai sani ba. Ta ce a kai shi asibiti a Shika a duba numfashinsa.

Yusha'u yana jin Turanci sarai. Ya matso ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Anti, don Allah ki ɗan ƙara gishiri. Ki ce ta ce ya huta a gida. Don lafiyarsa ne."

Na san don lafiyarsa ne. Yaron ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Amma na ce masa, "Yusha'u, in kana da magana da mahaifinka, ga ka ga shi, da Hausa. Bakin Dakta aka ba ni aro, ba zan sa masa abin da bai faɗa ba."

Na juya na gaya wa Baba yadda aka ce, har da cewa ba ta da tabbas. Ya saurara. Ya ce, "Wato ban ruɗe ba, barci ne bai ishe ni ba?"

Na ce, "Haka take zato, Baba. Likita ne zai tabbatar."

Ya dubi ɗansa ya ce, "Ka ji ko? Da ka rufe mini rumfa a kan minshari."

Yusha'u bai gaishe ni ba da za mu tafi. Amma shi ya kai uban asibiti. Likitoci suka duba, suka yi abin da za su yi, aka ce ya riƙa kwanciya ta gefe, ya rage ƙiba, ya bar goron yamma. Kan goron aka fi shan fama. A hankali gyangyaɗin ya ragu. Binta ta dawo da kekenta rumfar tana lura da wane keke na wane ne. Baba ya ci gaba da aikinsa shekaru masu dama.

Ina ga kun ɗauka nan labarin ya ƙare, tafinta ta yi nasara, a tafa. Ku dakata.

Bara waccan, ina zaune a shago, sai ga Yusha'u, furfura ta fara fito masa. Ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce Baba ya ɓata a hanyar gida, hanyar da ya bi tun yana saurayi, sai wani mai shayi ne ya rako shi. Yana kiran Binta da sunan ƙanwarsa da ta rasu tuntuni. An yi gwaje-gwaje a asibiti, gobe za a faɗi sakamako.

Na ce, "Ai likitocin suna jin Hausa, kai kuma kana jin Turanci."

Ya ce, "Ya ce ba zai yarda da kowa ba sai mai zoɓo. Sunanki ya ɓace masa, amma ya ce ke ba kya ƙari."

Muka je. Likitar matashiya ce, mai natsuwa, Hausarta ba ta nuna sosai ba. Ta yi bayani, kalmar nan ta fito, "dementia", wannan karon ba tare da shakka ba. Yusha'u ya taɓa gefen mayafina. "Anti, ki ɗan rage."

Kafin in ba shi amsa Baba ya ce, "Me kuke ƙus-ƙus? 'Yar nan, faɗa mini duka. Kaina ne, ba na wani ba."

Na dubi likita, ta gyaɗa kai. Na ce, "Baba, ta ce ciwon mantuwa ne irin na tsufa. Wannan ba barci ne ya kawo shi ba. Ba ya warkewa, zai riƙa ƙaruwa sannu a hankali. Akwai maganin da zai ɗan taimaka, kuma ana so kada ka riƙa fita kai kaɗai."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya ɗaga hannayen biyu ya ce, "Tambaye ta. Waɗannan fa? Su ma za su manta?"

Na tambaya. Likita ta ce abin da hannu ya saba yi shekara da shekaru yakan daɗe bai tafi ba, ko da sunaye da hanyoyi sun tafi. Ta faɗi sunan abin da Turanci, "procedural memory". Ban taɓa fassara shi ga mai shi ba sai ranar. Na ce, "Baba, ta ce haddar hannu daban take da haddar ka. Ita ce takan yi saura."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi." Ya laluba aljihu ya ciro makullin rumfa, ya miƙa wa Binta. "Ke ce mai rumfa daga yau. Ke za ki karɓi keke, ke za ki bayar. Ni yaronki ne, ki ajiye mini aiki a gabana kawai." Ya juya ga Yusha'u. "Kai kuma ka samu abin da kake so rabi. Kai za ka riƙa kai ni da safe, ka ɗauko ni da yamma. Mu ga ko kamfanin naku zai ba ka izini."

Haka ake yi har yanzu. Watan jiya kekena ya fara tsallake ɗinki, na ɗora shi a Keke Napep na kai Sabon Gari. Baba yana zaune a gefen Binta, ya rame, hula a karkace. Na gaishe shi, ya amsa da fara'a, sannan ya karkata ya tambayi Binta, "Wace ce wannan?"

Binta ta ce, "Baƙuwa ce, Baba, ta kawo gyara."

Ya ce a taka. Binta ta taka, ya karkata kai ya saurara. Ya ciro kwarkwaro, ya hure shi, ya ɗan juya wani ƙaramin noti, ya mayar. Ɗinki ya tafi santal. Ya goge hannu a tsumma, ya ce wa Binta a kunne, amma da ƙarfin da duk layin ya ji, "Mai keken nan ƙazama ce. Ta shekara ba ta sa masa mai ba."

Na buɗe baki zan kare kaina, na tuna rabona da sa masa mai tun kafin azumin bara. Na ce, "Gaskiya ne, Baba."

Ya ce, "Ai na sani. Keke ba ya yi mini ƙarya."